Tsakuwa Uku a Kan Sakaina

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya zuba ruwa a kwarinta, ya kuma ba wasu bayinsa ƙafar da ba ta son zama. Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Cindo ɗan Jatau mai fito, ƙanen Bagudu, kuma abin da zan faɗa muku idona ne ya gani, ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

Mu biyu ubanmu ya haifa, a cikin kwalekwale kuma ya raine mu. Tun kafin mu iya ɗaura wando mun iya riƙon filafili. Da ya rasu, Yaya Bagudu ya ce shi fa ba zai tsufa yana ƙetarar da mutane da awakinsu daga wannan gaɓa zuwa waccan ba, sai ya ga inda koguna suke ƙarewa. Na bi shi, don tun ina rarrafe shi nake bi. Mun ratsa ƙasar da duwatsunta suke fita kiwo da safe su dawo da yamma. Mun sauka a birnin da mutanensa suke shuka inuwa da damina su girbe ta da bazara. Mun tsere wa wani sarki da ya rantse sai ya ga abin da ke cikin yatsana na shida, a cikin buhun auduga aka fitar da mu ta ƙofar garinsa, jakinsa ne ma ya ɗauke mu. Duk wannan ban san tsoro ba sai a Kogin Numfashi.

Duk kogin da muka sani a duniya gaba yake yi, ba ya waiwaye. Wannan kuwa da safe sai ya janye ya nufi teku, ya bar laka da kifaye masu tafiya da ƙirji suna zare wa mutum ido, can kuma ya juyo ya hau sama kamar ya yi mantuwa. Mutanen wurin suna ce da tafiyarsa janyewa, dawowarsa kuma cika. Garinsu Turaku, gidajensa duk a kan dogayen itatuwa suke. Can ƙasa wajen bakin teku akwai tsibirai, na ƙarshensu ana kiransa Faifai saboda shimfiɗarsa, kuma an ce lu'ulu'u a nan kamar tsakuwa yake. Yaya yana jin haka idonsa ya yi ja.

Sai dai mutanen Turaku suna da al'ada: ba wanda yake sa jirgi ya nufi tsibiran sai ya fara yin tafiyar a laka. A bayan gari akwai wani tsoho, Baba Ƙosau, wanda ya gaji wani fili daga kakanninsa. A filin nan an haƙa kogin gaba ɗayansa a ƙanƙance, da lungunansa da tsibiransa, an kuma yanka masa 'yar hanya zuwa babban kogi, in ruwa ya cika can ya cika nan, in ya janye can ya janye nan. Sakaina ce jirgi, tsakuwa ce mutum. In sakainarka ta je ta dawo, ka tafi. In ta kife, ka koma gida ka gode wa Allah da ya sa sakaina ce.

Yaya ya tsaya ya kalla, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Cindo, zo ka ga gemu yana wasan ƙasa! Ni da aka haifa a ruwa ne zan tambayi sakaina hanya?"

Kashegari zazzaɓin sauron garin ya kayar da ni. Ina kwance ina rawar ɗari, ashe Yaya ya ari kwalekwale ya bi janyewar asuba shi kaɗai. Taurin kai dai, in ana rabonsa, nasa da nawa duk shi ya kwashe.

Ranar da na iya miƙewa, ina fitowa na tarar da mata sun taru a bakin ruwa. Cikar jiya ta kawo rabin kwalekwale, da guntuwar igiya a hancinsa. Na duƙa na duba ƙullin. Ƙullin gidanmu ne, irin wanda ubanmu ya koya mana.

Wata mace kakkaura mai faffaɗan kafaɗa ta karɓi igiyar daga hannuna, ta gwada tsawonta da damtsenta. Ita ce Tasalla, 'yar Baba Ƙosau, wadda duk Turaku ba mai tuƙinta. Ta ce, "Iyakar igiyar ke nan? Wane ne yake ɗaure jirgi haka, kamar akuya a turke?"

Na ce, "Haka ake ɗaurewa mana, baiwar Allah. A matse shi da gaɓa kada ruwa ya ja shi."

Matan suka kama salati. Tasalla ta ce, "A kogin tudu ke nan, inda ruwa yake kwana inda ka bar shi. A nan in ka ɗaure gajere, ruwa ya taso, turke ya riƙe hancin jirgi a ƙasa, shi ke nan ya nutse ko ya tsage. Wayyo ɗan tudu, ɗan'uwanka da hannunsa ya karya jirginsa."

Ban gama haɗiye wannan ba ta nuna mini can ƙarshen ido, inda wani siririn hayaƙi yake tashi. Ta ce a kan Faifai ne, wato yana da rai. Har na fara hamdala, sai na ga ba wanda ya taya ni. Ta ce, "Jibi wata zai cika. Cikar yammacin ranar ita ce babba, tana rufe Faifai ruf, ko tsuntsu ba ya samun wurin sa ƙafa."

Na ce to me muke jira? A ba ni jirgi! Ta ce mazan gari duk sun fita teku da manyan jirage, ita kaɗai ta rage da ta san hanyar, kuma ba za ta tsoma filafili a ruwa ba sai an yi tafiyar a laka. Na roƙe ta, na yi mata magiya, na yi faɗa, har na ce musu garin mahaukata. Ko gezau. Ta ce, "Gama zaginka ka zo, ruwa ya kusa juyowa."

Baba Ƙosau yana tsugune a gefen ƙaramin koginsa, ya nuna mini hanyar da tsinke. Ya ce, "Duba nan, ɗana. Daga gari za ku bi janyewar safe. Nan inda ya tsuke shi ne Maƙogwaro, ruwa yana murɗawa a ciki, filafili ɗaya ba ya fitar da jirgi, sai biyu. Kun fita, ga Tsibirin Giginya, wannan karan da na kafa shi ne giginyar. Gaba da shi ga tudun yashi, Bayan Kunkuru, sai ƙaramin jirgi yake haye shi. Sannan Faifai. Zuwa ba wuya. Dawowa ce magana, don a kwanakin nan cika ba ta zuwa a hankali. Ruwa kaɗan ne yake fara shigowa, a bayansa kuma sai Bango."

Na ce, "Wane bango kuma, Baba?"

Ya ce, "Zauna ka gani."

Ya ɗora tsakuwa biyu a sakaina, ni da Tasalla, ya ajiye ta uku a kan Faifai. Ragowar janyewa ta ɗauki sakainar, yana gyara mata hanya da tsinke, har ta isa. Ya ɗora ta ukun. Muka zauna jiran ruwa, ni kuwa kamar a kan ƙaya nake. Can sai ruwa ya fara silalowa, sakaina ta taso, ta zo Bayan Kunkuru ta dafe a yashi saboda nauyi. Sai na ji wani ruri daga babban kogi, na ɗaga kai na ga ruwa ya miƙe tsaye daga gaɓa zuwa gaɓa, fari fat a samansa, yana tahowa. Ashe Bangon ke nan. Ɗansa ya shigo ƙaramin kogin, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, ya mari sakainar ta kife. Tsakuwa uku suka nutse ina kallo.

Baba ya tanadi wasu sakainu biyu a wasu hanyoyin, ɗaya ta zagaya ta bayan yashi, ɗaya ta jira Bango ya wuce. Ta farko Bango ya cim mata a fili. Ta biyu kuwa, kafin ya wuce ya share Faifai da abin da ke kansa.

Da gari ya waye na ga janyewar safe tana tafiya ba mu a cikinta, sai da na yi kuka, ba na ɓoye muku. Hayaƙin Yaya ya ƙara sirancewa, alamar itacensa yana ƙarewa. Na je na kama jirgin Tasalla zan tura, ta zo ta zauna a kansa ta harɗe hannu. Ta ce, "In ka mutu a Maƙogwaro, wa zai ɗauko shi? Ni ma ina da 'ya'ya, Cindo. Ba na ƙin zuwa, gawa ce ba na son zama."

Muka koma laka. Baba ya sauya sakaina mai faɗi, ta ƙi haye yashi tun a zuwa. Ya ce a gwada Tasalla ita kaɗai, Maƙogwaro ya juya ta ya kifar. Ni dai ina tsugune ina jujjuya tsakuwata a hannu, baƙa ce mai ɗan tsini, har na fara jin haushinta. A zuwa ana bukatarta, a dawowa ita ce masifa. Ina wannan tunani idona ya sauka a kan karan nan da aka kafa.

Na ce, "Baba, in ruwa ya cika, yana rufe giginyar?"

Ya ce, "Tsibirin yana nutsewa. Giginyar kuwa, yawanci kanta yana fita."

"Yawanci?"

"Abin da na gani na faɗa maka, ɗana. Na taɓa ganin shekarar da bai fita ba."

Na cire tsakuwata daga sakaina bayan ta wuce Maƙogwaro, na manna ta da laka a kan karan. Tsakuwar Tasalla ta haye yashi ita kaɗai, ta ɗauki ta Yaya, suka zama biyu. Da ruwa ya silalo, sakainar ta shafi Bayan Kunkuru ta wuce sumul, ta bi ta gefen kara, ta shige Maƙogwaro, Bango yana binta a baya bai kama ta ba, har gari. Ruwa ya yi ta hawan karan, ya hau, ya hau, ya tsaya saura kaɗan ya lashi tsakuwata. Dama Baba ya tanadi wata sakainar don a gwada tsayawa ɗaukata a Giginya. Ita kuwa tsayawar nan kaɗai ta isa, Bango ya same su a bakin Maƙogwaro ya watsar.

Baba ya share hannunsa ya ce, "Laka ta yarda. Biyu su wuce, ɗaya ya kwana a sama, a koma ɗaukarsa da safe."

Tasalla ta yi ajiyar zuciya, amma ni sai wani sabon tsoro ya kama ni. Na ce, "Baba, akwai abin da lakarka ba ta nuna ba. Tsakuwa ba ta da ƙane. Wallahi in Yaya Bagudu ya hango ni a kan itacen nan, sai ya juya jirgi, ko da Tasalla za ta fasa masa kai da filafili. Na san kayana."

Tasalla ta ce, "To kada ya gan ka. Ka shige cikin ganye, kada ka yi motsi, kada ka yi tari. Abin da zan gaya masa kuma ka bar mini."

Baba ya miƙo mini igiya doguwa ya ce, "Kakanninmu sun kafa turaku a jikin giginyar, za ka samu abin takawa. In ka hau ka ɗaure ƙugunka, amma don Allah ba irin ɗaurin gidanku ba. Ka bar wa kanka wurin ƙara hawa."

Ranar cikar wata muka yi sallar asuba muka tura jirgi. Ba mu ɗauki komai ba sai gorar ruwa da igiya, ko wuƙata Tasalla ta ce in bari. Janyewa ta ɗauke mu da gudu. A Maƙogwaro na gane abin da ya sa ake son hannu biyu: ruwan yana juyawa rami-rami, kowane rami yana jan hancin jirgi, Tasalla tana ihu daga baya, "Dama! Dama na ce, ɗan tudu! Kafe!" Na kafe filafili har na ji kafaɗata za ta gulle. Yadda Yaya ya bi ta nan shi kaɗai ya fita, har yau ban sani ba. Muka fita jiƙe sharkaf, ta sauke ni a Tsibirin Giginya, ba ta ko tsaya sallama ba ta wuce.

Na hau. Giginyar doguwa ce ƙwarai, turakun jikinta wasu sun ruɓe, ina takawa suna karyewa. Na isa kai na kutsa cikin ganye, na ɗaure ƙuguna da sassauci, na leƙa ta tsakanin rassa. Daga nan ina hango komai: yashi ya fito fili, jirgin Tasalla ya zama ɗan ɗigo, ya tsaya a Faifai. Rana ta take tsaka, iska ta ɗauke, kogin ya yi tsit.

Sai na ji ƙasa tana motsi. Na duba, ashe duk abin da ke da rai a tsibirin ya san abin da ke tafe. Ƙaguwa ja, ɗari bisa ɗari, suna hawowa jikin itacen a jere. Ɓeraye na biye da su. Wani ƙaton guza ya hawo ya kwanta a reshen da ke kusa da kunnena, ya dube ni na dube shi, ba wanda ya ce da wani ƙala. Ƙaguwa suka bi ta ƙafata, suka shige wandona, ni kuwa an ce kada in motsa.

Ruwa ya fara silalowa. Ɗigon nan ya baro Faifai, ya zo Bayan Kunkuru, ya tsaya. Ya tsaya, jama'a! Na ga mutum ɗaya ya dira yana turawa. A bayansu can bakin teku wani farin zare ya bayyana daga gaɓa zuwa gaɓa. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. Sai jirgin ya motsa, mutumin ya faɗa ciki, filafili biyu suka fara aiki.

Suna matsowa na gane shi. Ya rame, leɓɓansa sun tsage, gemunsa duk gishiri, amma tuƙin nasa ne, irin na ubanmu, mai nutsa filafili har wuya. Hanya ta biyo da su dab da gindin giginyar, har ina jin numfashinsu. Sai na ji muryarsa, a dushe.

"Wai ina Cindo? Tun ɗazu nake tambayarki."

Tasalla ta ce, "Yana gari. Tuƙa!"

"Zazzaɓin ne har yanzu?"

"Ya warke. Tuƙa, na ce!"

Filafilinsa bai tsaya ba. Sannan ya ce, "Ya warke, amma bai zo ba. Yaron da na goya a bayana. Ya zauna a gari ya turo mini mace." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ashe ni kaɗai nake da ɗan'uwa, shi ba shi da shi."

Jama'a, an sare ni da takobi a ƙasar masu inuwa, bai yi mini zafin wannan ba. Bakina ya buɗe da kansa. Kalma ɗaya ce, in ce "Yaya", ya ɗago kai. Na cusa hannuna a baki na ciza, na ciza har na ji gishirin jini, hawaye yana zuba a kan guzan nan. Ina kallo suka wuce, bayansa ya yi nisa, suka shige Maƙogwaro.

Sannan Bango ya iso. Ƙararsa ta toshe mini kunne, ya daki giginyar ta sunkuya har na ga ruwa a saitin fuskata, ta miƙe, ta sake sunkuyawa. Rabin ƙaguwan suka tafi. Bayan ya wuce sai ruwa ya shiga hawa a hankali, wannan kuma ya fi Bangon ban tsoro, don yana ba ka lokacin tunani. Ya cinye tsibirin, ya cinye turakun ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa tafin ƙafata. Na ja igiya na ƙara hawa. Ya kama gwiwata, na ƙara hawa har ba sauran abin hawa, ni da guza muka haɗa kai a ƙololuwa. Ya zo ƙuguna, ya zo ƙirjina. Rana tana faɗuwa ya tsaya a nan, yana lasar haƙarƙarina kamar yana shawara. Ban san ko sun isa gari ba, wannan ne ya fi cina. Da ya fara sauka ban ma yarda ba sai da na ga gwiwata.

A nan na kwana. Da hantsi na hango jirgi yana fitowa daga Maƙogwaro, mutum biyu a ciki, na gaban yana tuƙi kamar mahaukaci. Tun kafin jirgin ya taɓa ƙasa ya dira cikin laka, yana faɗuwa yana tashi, har gindin giginyar. Na so in sauka, hannuwana suka ƙi sakin reshe, sun sandare. Sai ga shi yana hawowa, mutumin da ya yi kwanaki bai ci abinci ba. Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya kwance igiyar, ya ɗaure ni a bayansa, ya sauko da ni.

A ƙasa ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa. Tasalla ta juya mana baya tana gyaran abin da bai lalace ba a jirgi, gefen goshinta a kumbure. Daga baya na ji cewa da suka isa gari ya gane gaskiya, sai da mata shida suka danne shi don kada ya koma cikin cikar, ita kuma ta samu rabonta a kokawar.

Yaya ya kama hannuna, ya ga inda haƙorana suka nutse. Bai iya ɗago ido ba ya ce, "Cindo. Jiya da muka wuce ta nan, ka ji abin da na faɗa?"

Na ce, "Ruwa yana ƙara, Yaya. Ban ji komai ba."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da riƙe hannun. Sai na ji ɗumi yana ɗiga a kan ciwon, kafaɗunsa suna rawa. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin Bagudu ɗan Jatau yana kuka ba, ko ranar da muka binne ubanmu.

Tasalla ta yi gyaran murya ta ce, "'Yan tudu, in kun gama, ruwa ba ya jiran kowa."

Ya share fuska da hannun riga, ya ɗauke ni cak ya sa a jirgi. Ya ɗauki filafili, ya juyo ya dubi Tasalla, ya ce da ita cikin ladabi, "Baiwar Allah, ta ina za mu bi?"

Iyakar abin da ya same mu a Kogin Numfashi ke nan. Wanda ya ji, ya ji daga bakin mai tabo a hannu.